Littafin da Kawu Ya Tsinto a Tasha

"Ke ɗiyata, zo ki karanta min wanga."

Ina ɗaga kai na ga Kawu Sule, yayan mahaifiyata, riƙe da littafin soyayyar da na bari a bencin mai shayi a tashar garinmu Wad Haddad, nan Sudan. Na saba, in na gama littafi sai in ajiye shi inda wani zai tsinta. Ban taɓa zaton gidanmu zai dawo ba.

Kawu Larabci kawai yake karantawa. Da ya ga fure a bangon, ya ɗauka littafin maganin tsutsar auduga ne.

Na buɗe, na karanta: "Ya ce mata, in ban gan ki ba, ko ruwa ba ya wuce min maƙogwaro."

Na rufe fuskata da littafin, kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kawu ya gyara zama. "To, ita mi tac ce mai?"

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar sai ya zo. Jiya har faɗa ya yi wa saurayin, wai rago ne.

Jama'a, babin gobe ya fi ƙarfin bakina. In tsallake shi, ko in ce akuya ta cinye shafin?