Ranar da Inna ta ce ba ta san Yaya ba

Tun da aka kama Yaya na zama mai sauraron labaran kotu. Ni da ko labarin duniya ban tsayawa ji, sai ga ni rungume da rediyo a ofishin malamai a Wurno, da an ce babbar kotu ta yanke hukunci sai in ce ma kowa ya yi mini shiru. Abokan aikina har tsokanata suke yi, wai in bar koyar da lissafi in je in sayi hular lauyoyi. Ban dariya. Zama ma ya gagare ni, in na zauna sai in miƙe, in na miƙe in rasa mi na tashi yi.

Wani mai sayar da awaki aka tare a hanya yana komawa gida daga kasuwar Gandi, aka yi mishi dukan kawo wuƙa, aka kwashe abin da ya samo. Da ya farfaɗo ya ce cikin mutanen akwai dogo mai tabo a goshi, wanda yake gani wajen masu albasa. Yaya dogo ne, yana da tabo tun na ƙuruciya, albasa yake nomawa a fadamar Goronyo. Shi ke nan, aka je har gona aka ɗauko shi.

Nan take ya gaya ma 'yan sanda cewa ran nan ko hanyar Gandi bai bi ba. Yana ƙauyenmu, can wajen Sisawa, yana yaɓen rumbun Inna da damina ta zaizaye. Gaskiya ce kuma, don ni na aika mishi ya je kafin a kawo gero. Tun hantsi yake kwaɓa laka har la'asar sakaliya.

To, Yaya ɗan fari ne. Wanda ya tashi a wajenmu ya san mi hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Tun yaye kakarmu ta ɗauke shi, can ya girma. In ya shigo gida gaisuwa, Inna na ba shi baya tana tsintar wake. In za ta ba shi abinci, sai ta aje kwano nesa ta ce da ni ko da bango, "A ce ma wancan ga tuwo nan." Ko maƙwabcinmu mai suna irin nasa wani laƙabi ta raɗa mishi. Duk ƙauyen yabonta ake yi a kan wanga abu, ana nuna ta ga amare ana cewa ku ga mace mai kunya. Ni ma da shi nake alfahari, in faɗi gaskiya.

'Yan sanda sun yi abin da doka ta ce. Lauyanmu ya bayyana mini daga baya cewa kotuna sun sha yanke hukunci a kan haka: in wanda ake tuhuma ya ce yana wani wuri lokacin da aka yi laifin, dole a je a bincika. Sun je. Suka tsaya a zaure, aka kira Inna gaban yayyen mahaifinmu, dattawa duka, surukanta. Ba wanda ya ce mata an kama kowa. Ɗan sandan ya kama sunan Yaya gatsau ya ce, "Ɗanki wane, ya zo nan ranar kasuwar Gandi?"

Gaban surukai, a tambaye ta ɗan fari. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ni ban da ɗa mai wanga suna," ta ce. "Ban san zancenai ba."

Aka sake tambaya, ta sake faɗi. Aka rubuta, ta dangwala hannu, ta koma cikin gida tana jin ta fita kunya. Dattawan nan kuwa, Allah Ya yafe musu, suna zaune suna gyaɗa kai. Da aka juyo kansu sai kowa ya ce shi yana gona ran nan. A zamanin da muke ciki, ba mai son sunansa ya shiga bakin hukuma a kan zancen fashi.

Da na ji, mashin na hau daga Wurno ban ko nemi izinin shugaban makaranta ba. Na iske ta tana sussuka. Na yi mata faɗan da ban taɓa yi ba, na ce, "Inna, mi kika yi haka? Rumbun ga wa ya yaɓe shi, aljanu?" Ta aje taɓarya ta dube ni. Da ta gane abin da amsarta ta jawo, sai ta zauna a ƙasa daɓas, kan ƙaiƙayi. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Da sun ce mini kama shi aka yi."

Shari'ar ta ja. A ɗage, a sake ɗagewa, mu tahi birni mu komo. Albasar Yaya ta ruɓe a rudu, inda ya adana ta. Ni kuwa duk hukuncin da na ji a rediyo sai in kira lauya: an saki wani don ba a bincika inda ya ce yake ba, mu fa? Ya ce, "Malama, naku an bincika, matsalar ke nan." An soke hukuncin wani don shaidar ganin ido ta yi rauni, mu fa? Ya ce in yi haƙuri. Na tsani kalmar nan ta haƙuri a shekarar.

Dabara ɗaya ta rage, Inna ta shiga kotu ta warware maganarta, ta faɗi dalili. Lauya ya ce shaidan da ya faɗi abu biyu masu karo da juna, kotu na iya watsar da duka biyun, sai in ya kawo dalilin da ya gamsar. Na kwashe makwanni ina koya mata. In zama lauya, in ce, "Wanga da ke tsaye, mine ne naki?" Ta buɗe baki, ta rufe. In daka mata tsawa, in dawo in roƙe ta. Mace ta haura sittin tana hora harshenta a kan abu guda, ni ina so ta sake shi kafin ranar kotu ta zagayo.

Ranar shaida ta yi ƙoƙari, wallahi ta yi. Ta ce ya zo, ya yaɓe rumbu, ta aje mishi hura da azahar. Amma da lauyan gwamnati ya miƙe, sai ya tafi kai tsaye inda yake ciwo.

"Baba, ki dubi mutumin can. Mi sunansa?"

Inna ta dubi silin. Ta dubi hannuwanta. Ni ina kan benci ina murɗa bakin hijabina, kamar in tashi in faɗi mata.

"Ɗan gidanmu na," ta ce a hankali.

"Ɗanki ne ko ba ɗanki ba ne? Ga 'yan sanda kin ce ba ki san shi ba."

"Ɗan gidanmu na."

Ya ce ba shi da sauran tambaya.

Mai shari'a ba baƙo ba ne, ya san al'adar, ya ma ambace ta cikin hukuncinsa. Ya ce kunyar ɗan fari na hana kiran suna, ya yarda. Amma matar ta ce ba ta san zancensa ba, ta maimaita, ta dangwala. Ba wani mutum ɗaya daga ƙauyen da ya zo ya tallafi sabuwar maganarta. Wanda aka yi ma fashin kuma ya nuna Yaya da rana tsaka ba da inda-inda ba. Na so in ji haushinsa. Na nemi inda ya kauce ban samu ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ɗaure Yaya shekarun da har yau ban son faɗi. Mun ɗaukaka ƙara, muna jira, har yanzu rediyon na hannuna.

Da aka tashi, gandirobobi suka fito da shi ta ƙofar gefe zuwa mota. Mun tsaya a baranda cikin mutane, Inna na riƙe da hannuna. Yaya bai dube mu ba, kansa a sunkuye. Har ya ɗaga ƙafa zai hau, sai Inna ta saki hannuna ta matsa gaba, ta kira sunansa. Sunansa na yanka, da ƙarfi, gaban maza da lauyoyi da kowa.

Ya tsaya ya waigo. Ya bi fuskokin matan da ke barandar yana neman mai kiransa, ya dube ni, ya dubi wata mai tallan gyaɗa a bayanmu. Idonsa ya bi ta kan Inna ya wuce. Gandiroba ya taɓa kafaɗarsa, ya shiga, aka rufe ƙofa.