Amsar da Baba ya ba likita a madadin Yaya Ikrima

Ni ce Mukarrama, ƙauyenmu kusa da Gubuchi yake, labarin yayana Ikrima zan ba ku kuma sauri nake don wayar ta ƙawata ce. Duk mai zuwa kasuwar Makarfi wajen 'yan rake ya san shi amma da sunan Tirela, don dami biyu yake ɗauka lokaci ɗaya ya hau katako ya jefa cikin mota yana tsokanar direba. Tun yana shekara sha biyar yake dako, da damina ya bi Baba gonar masara, da rani ya je inda ake dafa mazarƙwaila ya taya su tura wuta, ya dawo mana da mai zafi a ganye. Sigari bai taɓa sha ba, cewa yake wari take kamar an ƙona tsumma.

Shekara uku ke nan da Zakiyyu mai shagon caji ya fara kawo shishar aljihu, wani abu kamar biro mai ƙiba, a yi masa caji a zuƙa hayaƙi ya fito da ƙamshin mangwaro. Yaya da bakinsa ya ba ni labarin ranar, wai Zakiyyu ya ce, "Tirela wannan ba taba ba ce, tururi ne kawai, ko liman ya sha ba komai."

Yaya ya ce, "To fara kai wa tsohonka ya ɗana mu gani."

Aka yi ta dariya, amma ya saya. Daga nan kullum tana aljihunsa, ya sauke dami ya zuƙa, ya ci abinci ya zuƙa, in ta ƙare ya sayo wata, tsofaffin yana cusa su cikin wani buhu bayan ƙofa. Ni ke share masa ɗaki shi ya sa na sani, ba wanda ya sani a gida sai ni.

Bara bayan girbi tari ya kama shi, muka ce sanyi ne, Inna ta dafa masa citta da kanumfari, bai tafi ba. Wata rana yana tsakiyar katako da dami a ka numfashi ya ƙwace masa, ya zube ƙasa, abokan dako suka kawo shi gida a babur yana buɗe baki kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Washegari muka tafi asibiti Zariya, ni da shi da Baba, ni na riƙe kwanon abinci. An ɗauki hoton ƙirji, an gwada majina an ce ba tarin fuka ba ne. Likita ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo ya ce, "Malam Ikrima kana shan taba ko shisha ko wannan ta caji da samari ke yayi?"

Kafin Yaya ya buɗe baki Baba ya amsa, don a wajenmu in uba na zaune shi ke magana da manya. Ya ce, "Likita yaron nan ko goro ba ya ci, ni na haife shi na san shi, hayaƙin mazarƙwaila ne."

Likita ya ce, "Baba shi nake tambaya."

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Yadda Baba ya faɗa haka ne."

Ni ina tsaye bayan kujera riƙe da kwanon abinci. Likita ya rubuta, aka ba mu magani da abin fesawa a baki muka dawo. Muna shiga gida Yaya ya ja ni gefe ya ce in kwashe buhun nan in zuba a masai kada kowa ya gani. Guda bakwai ne, na zuba shida. Ɗaya koriya da kwalinta na ɓoye cikin akwatina, don gaskiya ni ma nakan zuƙa in yana kasuwa, ƙamshin ne ya ja ni, kuma waccan ba ta ƙare ba.

Ya daina sha amma numfashin bai dawo ba. Wata biyar, mutumin da ake ce wa Tirela daga ɗakinsa zuwa zaure sai ya huta sau biyu, salla a zaune, in ya yi dariya sai tari ya tuƙe shi har idonsa ya yi ja. Abokansa su zo su ce "Tirela an cire maka taya ne" ya yi murmushi kawai, in sun tafi ya juya fuska bango.

Sai Anti Halimatusa'adiya ta zo dubiya daga gidansu a Kudan, 'yar yayar Inna ce, lauya ce a Kaduna. Ta same ni a madafi ina kuka ta matsa mini, na faɗa mata komai ban da wadda na ɓoye. Ta shiga wajen Yaya ta rufe labule ina jinsu. Ta ce, "Ikrima ka ji ni da kyau, na farko likita ba zai duba ka daidai ba in bai san abin da ka zuƙa shekara biyu ba. Na biyu akwai hanya, za a iya kai ƙorafi hukumar da ke kare masu sayen kaya, za a iya maka mai shagon da wanda ya kawo masa a kotu, tunda ce maka aka yi ba ta cutarwa. Ban yi maka alkawarin za a ci nasara ba, yana da wuya kuma yana daɗewa. Amma takardar asibitinka yanzu cewa take ba ka taɓa sha ba, da me zan shiga? Sai an gyara ta, sai kuma in akwai shishar da kwalinta mu ga wa ya yi ta."

Yaya ya ce, "Anti an zubar. Kuma in koma in ce wa likita Baba ƙarya ya yi? Gara tarin nan ya kashe ni."

Ta ce, "Kai dai ƙaton banza ne wallahi, dami biyu ka iya ɗauka, magana ɗaya ta gagare ka."

Ya ƙi. Ta tafi ranta a ɓace ta bar mini lambarta.

Kwana uku ina kai kawo. Rana ta huɗu na bi ta shagon Zakiyyu na ga ƙannen ƙawayena biyu 'yan sakandare suna karɓa-karɓa da wata shisha ja, na dawo na tarar Yaya a tsugune bakin randa ya kasa ɗaga buta. Bayan la'asar Baba na zaure yana gyara ƙotar fartanya, Yaya na jingine a gefe yana shan iska, na ɗauko koriyar da kwalinta na durƙusa na gaishe shi na ajiye kan tabarma.

"Mene ne wannan, fitila ce?" in ji Baba.

Na ce, "Baba shisha ce, ita likita ya tambaya, kuma ni ma na sha."

Yaya ya yunƙura ya ce, "Baba tawa ce, ni na kawo ta gidan nan, shekara biyu ina sha, ba mazarƙwaila ba ce," sai tari ya sarƙe shi ya kasa ƙarasawa.

Na ɗauka duka za mu sha. Baba bai ɗaga hannu ba, ya juya abin ya sake juyawa, ya shinshina, ya ce, "Wato ina zaune ina rantse wa likita kuna kallona." Ya sa ta a aljihun rigarsa ya tashi ya fita, kwana biyu bai yi mana magana ba, abincin da na kai masa ma ya dawo.

Ranar Litinin ya ce mu shirya mu koma asibiti har da ni. Muna shiga ya cire hula ya ajiye abin kan teburin likita ya ce, "Likita ni na ba ka amsar da ba daidai ba, ban sani ba na yi magana, ka tambaye su da kansu, zan jira a waje." Ya fita ya ja ƙofa.

Yaya ya faɗi komai. Likita ya sake rubutu, ya canja magani, ya tura shi wani gwajin hura iska, amma ya ce akwai tabo a huhun kuma tabo ba lallai ya goge ba, dako dai ya manta da shi. Ni an duba ni an ce babu komai tukuna in dawo bayan wata uku, duk da haka ko ƙura ce ta sa ni tari sai gabana ya faɗi.

Anti ta karɓi sabuwar takardar asibitin da kwalin, ta ce babu adireshin kirki a jiki sai wani suna da ƙananan rubutu, za ta bi ta gani, ta riga ta rubuta ƙorafin. Zakiyyu ya ji labari ya daina gaishe mu, kayan ya mayar da su ƙarƙashin tebur amma yana sayarwa. Yaya yanzu zama yake bakin hanya yana yanka rake gaɓa-gaɓa yana sayar wa yara, Baba ne ke ɗauko masa damin da safe a kansa, shi yana biye a baya da wuƙa yana tsayawa yana hutawa.