Keken da Baba Ya Kyautar

Mahaifina bai taɓa yarda ya hau bayan babur ɗin wani ba. Kekensa yake hawa ya je gona, shi yake hawa ya ci kasuwar Kurfi, wani lokaci har ya iso mini Dutsin-Ma, inda nake koyarwa, da gyaɗa ɗaure a baya. Shi ya sa da gwiwarsa ta dama ta kumbura ta hana shi taka feda, gidan gaba ɗaya ya shiga uku, don Baba in ya zauna wuri ɗaya ko kaji ba sa tsira daga faɗansa.

Wanzami ya yi ƙaho, asibiti sun zuƙe ruwa, kumburi ya dawo abinsa. Da ƙyar na ja shi babban asibiti a birni. Likita ya duba hoto ya ce wani irin kitse ne ya tsiro a cikin gaɓar, ba daji ba ne, kuma ba kasafai ake ganinsa ba. Ya ce 'yan ƙofofi ƙanana za su huda, su zura kyamara siririya kamar biro, su kankare shi. Na tabbata na yi wa Baba bayani tiryan-tiryan. Shi dai kalmar tiyata kawai ya riƙe.

A ƙauyenmu wanda za a yi wa tiyata sallama yake yi. Baba ya bi gida-gida da sanda yana neman gafara, har mutanen da su ne suka ɓata masa. Bayan sallar Juma'a kuma, a gaban liman da jama'a, ya ɗauki keke ya ba taubashinsa, ɗan gwaggonsa, wanda muke kira Baffa. Ya ce ko ya tashi, shi da keke har abada. Da labari ya iso ni na yi faɗa har muryata ta dishe, amma kyauta ta riga ta fita.

Aka yi aiki, washegari aka sallame mu. Masu dubiya suka cika zaure suna jiran ganin ɗinki daga cinya zuwa ƙwauri. Baba ya kware zane, sai 'yan filasta ƙanana. Wata tsohuwa ta ce anya ba cutarmu aka yi ba? Na yi dariya har da hawaye.

Sai dai likita ya ce dole ya riƙa tafiya yana lanƙwasa ƙafar, in ba haka ba ta sandare. Baba ya ƙi. Ya kwanta kan tabarma ya juya mana baya, ya ce wanda ba shi da keke ina za shi? Neman a maido masa kekensa kuwa, bayan ya kyautar a gaban liman, abin kunya ne da ba zai iya ba. Na ji tsoro sosai a lokacin.

Ana haka Baffa ya iso ƙofar gida a kan keken, yana kaɗa ƙararrawa kamar mai tallan alawa.

"Ina bawan nawa? An ce ka tashi, ashe ƙarya ne."

"Kai ne bawa," in ji Baba daga ciki. "Sauka, kada ka lalata mani sarƙa."

"Sarƙar wa? Wanga keke nawa ne, da shaidu. Aro dai ina iya ba ka, amma sai ka tako gidana da ƙafarka, ka gaishe ni, kuma ka maido kafin magariba."

Gidan Baffa yana can ƙarshen gari, bayan rijiya. Da safe Baba ya ɗauki sanda ya tafi yana zage-zage. Da farko tura keken kawai yake yi ya dawo da shi. Daga baya ya fara ɗora ƙafa. Sandar ma ban san ranar da aka jefar da ita ba.

Wata ranar Laraba ina cikin aji na ji ƙararrawa a bakin taga. Na leƙa, ga Baba jiƙe da gumi, ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan feda, yana murmushi har kunne. Na fita da gudu, alli a hannuna, na ce ya shigo ya sha ruwa ya huta.

Ya ce, "Kawo ruwan nan dai, ɗiyata. Ba ni zama, mai keke yana jirana."