Ranar da Aka Kira Gidan Bahago

A layinmu na Kusfa in ka ji an ce "ga ta nan," ba sai ka waiwaya ba, Gwaggo Sailuba ce. Daddawa take yi, saboda haka ƙamshinta yakan riga ta shigowa lungu. Ƙamshi fa, don wanda ya taɓa kiransa wari a gabanta har yau bai ƙara samun gyara ba.

'Yar Bahago baduku ce, ita ce babba, sai can daga baya aka samu namiji, Tanko. An yi mata aure a wani ƙauye wajen Giwa, ta shekara goma sha tara, mijin ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Ta ɗaure kwanukanta ta dawo gidan ubanta. Ta tarar Tanko ya tafi Fatakwal fataucin albasa, tsohon kuma ido ya fara tafiya. Ita ta yi jinyarsa, ita ta yi ta uwarsu. Gidan na ƙasa ne, kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi yaɓe. Da magina suka fara yi mata yanga, sai ta ci ɗamara ta hau tsani da kanta. Mun sha ganinta a kan soro tana gyara indararo, tana zagin awakin mutane daga sama.

To akwai abin da muke yi a layin nan, kwana uku bayan Babbar Sallah. Duk wanda aka yanke wa cibi a nan yakan dawo, ko daga ina yake. A shimfiɗa tabarmi a filin ƙofar masallaci, mata su taru a zauren da ke baya. Sai a riƙa kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya. Gidan da aka kira, mutum ɗaya ya miƙe ya ce "Muna nan," ya lissafa mamatan gidan, liman ya yi musu addu'a. Gidan da ba a amsa ba, to ya mutu ke nan, ba a ƙara kiransa.

Baba Garba, ƙanen Bahago, shi yake amsa wa gidansu. Bara ya rasu.

Ana saura mako biyu Sallah sai ga Malam Suhaib, shugaban kwamitin taro, ya yi sallama a zaurenta. Wannan tun da ya yi ritaya daga ofis a unguwar Kongo bai ajiye fayil ba, ko wurin suna za shi da biro a bayan kunne.

"Gwaggo, kwamiti ya zauna. An duba an ga gidan nan babu namiji. Shi ne muka ce a haɗa ku da gidan Alhaji Nura, tunda katangarku ɗaya."

"A haɗa mu? Garin kwaki ne mu, da za a haɗa da sukari?"

"Tsari ne, Gwaggo. Mace ba ta amsawa a fili."

"Suhaibu, ranar sunanka ni na tuƙa tuwo, kana kwance kana tsala ihu kamar an taka mage. Yau kai ne za ka goge gidan ubana da biro? Za a kira gidan Bahago, ni kuma zan amsa. Tashi, ka zauna mini a kan kalwa."

Ya tashi yana kaɗe bayan riga. Amma bai haƙura ba. Can ya nemo lambar Tanko ya buga masa waya, wai ya zo ya rufa wa gidansu asiri.

Ana gobe taro Tanko ya iso, bayan shekara ashirin da shida. Ya yi tumbi, ya yi furfura, har ana ce masa Alhaji. Daga Ƙofar Kuyambana zuwa gidan da aka haife shi sai da ya yi tambaya sau uku, a ƙarshe ma gidan Alhaji Nura ya faɗa, mata suka watse suna neman mayafi.

Da Gwaggo ta gan shi sai muciya ta kuɓuce mata. Ta riƙe masa hannu tana kuka, tana cewa wa ya kumbura shi haka. Ta dama masa fura, ta buɗe masa ɗakin babansu. Sai da ta ga gindin kwano sannan ta ce, "Ka ci, ka sha, gidanku ne. Amma gobe kada ka miƙe."

"Yaya, mutane za su yi magana."

"Shekara ashirin da shida suna yi. Ka ji ko ɗaya a Fatakwal? To gaya mini, wane ciwo ne ya kwantar da Inna?"

Tanko ya zuba wa kwano ido.

Washegari da hantsi layi ya cika. Na Kaduna, na Abuja, na Legas, kowa na kama hannun kowa ana "kai ne haka?" A zauren mata Gwaggo ta yi kiciɓis da Hassana, ƙawarta ta tallan gyaɗa, wadda aure ya kai Funtuwa.

"Sailuba, ba ki mutu ba?"

"Ina jiran ki je ki share mini wuri. Ina kika kai haƙoranki?"

Suka ƙyalƙyale har da dukan cinya. Da aka kunna lasifika, Gwaggo ta naɗe 'yar tabarmarta ta miƙa wa Hassana jakar goronta.

"Da gaske dai za ki fita?"

"Riƙe mini. Na ƙirga su."

Ta ja mayafi, ta ratsa tsakiyar maza. Masu manyan riguna suna janye ƙafa. Ta shimfiɗa tabarma daf da Tanko ta zauna.

Malam Suhaib ya fara kira. Gida ɗaya, biyu, har na tara. Ya ɗaga kai daga takarda, ya kalli Tanko shi kaɗai.

"Gidan Bahago baduku."

Tanko ya dafa ƙasa zai tashi. Ya dubi yayarsa. Sai ya mayar da hannu ya shiga lalube a aljihu, kamar mai neman abin da ba ya nan.

Gwaggo ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara har na sahun baya suka ji.

"Muna nan!"

Malam Suhaib ya yi gyaran murya. "Alhaji Tanko muke jira."

"To ku yi ta jira," in ji Gwaggo. "Ba zan zauna ba sai an yi wa ubana Fatiha. In la'asar za mu kai a nan, na ci na ƙoshi."

Wani ya yi tari. Daga zaure aka ji Hassana ta rangaɗa guɗa, aka yi mata tsawa, ta ƙara wata. Sai Tanko ya ɗago, bai ko gyara zama ba.

"An amsa ai. Me kuma kuke jira? Allah gafarta Malam, a yi mana addu'a."

Liman ya dubi Suhaib, ya dubi tsohuwar da ke tsaye a rana. "Faɗi sunayensu, Sailuba."

Ta jero su, mutum bakwai, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Liman ya ɗaga hannu, fili ya ɗaga. Aka shafa, ita kuwa tana nan tsaye ƙiƙam.

"Gwaggo, an gama," in ji Malam Suhaib a cikin lasifika. "A zauna, za mu kira gida na gaba."

"Na ji, ba kurma ba ce ni. Ƙafa ce ta riƙe. Kai Tanko, yanzu ka iya tashi. Kama ni."