Dabo Mai Diga da Makarar Ƙarya

Har gobe in ka zauna a majalisar Gidan Rimi, can gefen kogin Watari, za ka ji ana cewa Dabo Mai Diga ya sha maganin ƙarfe, wai shi ya sa ya yi ta ratsa tsakiyar faɗa a shekarun fari ko ƙwarzane bai samu ba. Wasu har rantsuwa suke yi layar zana gare shi. Zancen banza ke nan. Mutumin da ƙayar aduwa ta taɓa kwantar da shi wata guda, ina shi ina maganin ƙarfe? Dabo mai haƙan kabari ne, sana'ar da ya gada wajen ubansa. Yana da 'yar gonar gero, da matarsa Barira, da digarsa. Abin da ya tsare shi kunyar mutuwa ce da mutane suke da ita a lokacin.

Bayan shekaru, da aka zo aikin dam, Dabo ya shiga lebura. Wani Bature ɗan ƙasar Ailan, mai 'yar Hausarsa karye-karye, ya ba su labari wata rana ana cin abinci. Ya ce lokacin da mutanensu suka yi wa Ingilishi tawaye, an ce kullum sai a tsagaita harbi don mai kula da wani lambu ya shiga ya ba agwagi abinci, shi ma bai san inda gaskiya ta tsaya aka fara ƙarin gishiri ba. Leburori suka kwashe da dariya. Dabo ya ajiye kwanonsa ya tashi, waɗanda suka san dalili kuwa ba su tsayar da shi ba.

Ga dalilin. A shekarar da fari ya fi tsanani, kogi ya ƙafe, sai ramukan da ake tonawa a yashi a kwarfi ruwa da ƙoƙo. A kan waɗannan ramuka Gidan Rimi da Tudun Kanya suka fara zage-zage, aka koma gora, daga nan aka ɗauko kwari da baka da adduna. Mutanen da suka yi auratayya tun kaka da kakanni, ita kanta Barira 'yar Tudun Kanya ce, sai ga shi ba mai iya tsallaka yashin nan ko da gaisuwar mara lafiya.

Makabarta kuwa ɗaya ce, kuma a tsallake take, bayan Tudun Kanya. Yunwa da baƙon dauro suna ta ɗibar mutane. Ba wanda ya zauna ya ƙulla sulhu, ba dagaci ba liman. Kawai in aka hango Dabo da diga a kafaɗa sai a sauke baka. In makara ta biyo baya, mutanen Tudun Kanya sukan taso su karɓi kafaɗa su taka da ita don neman lada, kamar yadda aka saba. A binne, a yi addu'a tare, a rabu ba sallama, gobe a ci gaba da jifan juna.

Tasi'u, ɗan wan Dabo, shi ya ɓata wannan. Ya zo masa da safe ya ce wani baƙo ya rasu a zauren masallaci, a je a tona. Dabo ya je ya tona, ya dawo ya shiga gaban makara kamar kullum. Suna hawa tudu Malam Iliyasu, dattijon Tudun Kanya, ya taso ya sa kafaɗa yana salati. Bai yi nisa ba ya ji ƙarfe na bugun ƙarfe daidai kunnensa. Ya ɗaga gefen tabarma: adduna ne da kwaruruwan kibau an naɗe su a farin ƙyalle. Innalillahi! Har likkafani suka yi musu.

Dabo bai san da wannan shiri ba, diga ta suɓuce masa. Aka kaure a bakin makabarta, a kan kaburburan iyayensu. Kafin azahar kabarin da ya tona wa ƙarya ya sami mai shi, Tasi'un aka kashe, shi aka saka a ciki.

Ba a daɗe ba Barira ta kwanta, amai da gudawa, kwana ɗaya ta cika. Ba halin aika wa danginta. Aka yi mata wanka aka haɗa ta, Dabo ya shiga gaba. A bakin yashi suka tarar da samarin Tudun Kanya sun tare hanya da baka a ɗane. Ya faɗa musu Barira ce, 'yarsu ce. Suka ce wancan karon ma baƙo ne, ba mai wucewa sai an kwance likkafani sun gani da idonsu. Gawar mace, a gaban maza, a tsakiyar rana.

Dabo ya durƙusa a yashi mai zafi, dattijo da furfurarsa, ya ce wa Malam Iliyasu da ke tsaye cikin samarin, "Malam, ni na tona wa mahaifiyarka. Kada ka bari a buɗe mini ita."

Malam Iliyasu ya kau da kai. Shi ma bai yarda ba, amma ya ce a kira mace ta duba. Ɗan aike ya ruga ya kamo tsohuwar da ya fara gani tana tsintar kara, bai gaya mata komai ba sai dai ta zo ta taɓa kayan Gidan Rimi ko adduna ne. Dabo ya ɗago kai ya ga wadda aka kawo. Hure ce, yayar Barira uwa ɗaya uba ɗaya.

Ta zo tana mita, tana zagin Gidan Rimi da kakanninsu. Maza suka juya baya. Ta sassauta ɗaurin wajen ƙafa, ta zura hannu. Ta ji ƙafa ce mai sanyi, ta buɗe baki za ta ce mutum ne, sai yatsunta suka faɗa kan wani tabo a idon sawu. Tabon kurkunu ne, wanda ita da hannunta ta yi ta naɗewa a tsinke suna 'yan mata.

Ba ta yi ihu ba. Ta zauna daɓas a yashi, hannunta yana cikin likkafanin, ta dubi samarin garinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya aiko ni in laluba ƙanwata?"

Samarin suka sauke baka. Hanya ta buɗe. Malam Iliyasu ya matso zai sa kafaɗa, Dabo ya tare shi da ƙotar diga, ya miƙa digar ga na kusa da shi, ya kama makarar da kansa. Ranar nan ba ɗan Tudun Kanya ko ɗaya da ya sami ladan ɗaukar 'yarsu.