Kabarin da Siniva Ta Gina wa Kanta

A ƙauyenmu da ke gaɓar tsibirin Savai'i, duk wanda ya haura shekara ashirin yana da tabon allurar Siniva a dantsensa. Nas ce, ta ƙare ƙuruciyarta a ƙaramin asibitin gundumarmu, kuma hannunta ba ya wasa. Ni maƙwabciyarta ce, na san halinta ciki da bai. Ta taɓa tsayar da fasto yana tsakiyar wa'azi don matarsa ta ɓoye 'yarsu ranar rigakafi. Manyan gari ma in sun hango farar rigarta sai su gyara zama.

Da ta yi ritaya, abu biyu ta sa a gaba. Na farko kabarinta. Ta sa aka gina shi a ƙofar gida, gefen na mijinta, aka shafe da siminti, aka lulluɓe murfin da farin tayil. Na ce mata, "Yaya Siniva, wannan ai ya fi ɗakin kwananki kyau."

Ta ce, "To a can zan fi daɗewa, ke da ba ki da lissafi."

Na biyu jikanta Lafaele, ɗan ɗanta Uelese. Tun yana jariri a hannunta yake kwana. Ita ke dama masa gwaza da madarar kwakwa, ita ke kai shi bakin teku wanka. Da ya fara tafiya sai ya gano murfin kabarin nan yana da sanyi, kullum da rana a kai yake barci. Sai ta zauna tana masa fifita tana tsokana: "Angona, tashi mini daga gado. Ban ma shiga ba ka ƙwace?"

A lokacin ne labari ya bazu cewa jarirai biyu sun mutu bayan allura a wani asibiti. Tsoro ya shiga iyaye. Uelese, wanda aka naɗa shugaban dangi bayan rasuwar ubansa, ya ce ba mai huda masa ɗa. Ina tsakar gidansu ranar da suka yi maganar, ina kankare kwakwa.

Siniva ta ce, "Kai Uelese, ɗaga hannun rigarka. Tabon nan wa ya yi maka? Ka mutu?"

Ya ce, "Mama, zamaninku daban. In kika kai yaron nan asibiti, gobe zan kwashe shi da uwarsa mu hau jirgi mu koma birnin Auckland, can ƙetaren teku. Sai dai ki riƙa ganinsa a waya."

Na jira ta fashe, ba ta fashe ba. Matar da ta tsayar da fasto ta dubi yaron yana wasa da ɓawon kwakwa, ta tashi ta shiga madafi. Daga baya na same ta na ce ta ɗauke shi a ɓoye ta kai shi allura mana, wa zai sani? Ta ce wurin allura yakan kumbura, uwarsa za ta gani. Ta ce a bari hankali ya kwanta, baɗi ma rana ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, na faɗa mata tsufa ya mayar da ita matsoraciya. Ba ta musa ba.

Da shekara ta zagayo, ƙyanda ta shigo ƙasar, ta yi ta ɗibar ƙananan yara. Gwamnati ta rufe makarantu, ta ce duk gidan da ke da wanda ba a yi wa rigakafi ba ya ɗaura jan ƙyalle a bakin hanya, motar ma'aikata za ta tsaya. Siniva ba ta nemi izinin kowa ba. Ta yage jar rigarta ta ƙungiyar matan coci ta ɗaure a ginshiƙin gaban gida. Uelese ya gani, ya bar shi a wurin.

Da safiyar ranar da motar za ta zo, Lafaele ya tashi jiki zafi, ido jawur. Siniva ta buɗe bakinsa ta leƙa cikin kumatu, na ga kafaɗunta sun sauka. Motar ta tsaya, wata nas mai suna Telesia, wadda Siniva ta koya wa aiki, ta sauko da akwatin allura tana cewa, "Mama, ina angon naki?"

Siniva ta ce, "Rufe akwatinki, 'yata. Nan an makara. Ki wuce gaba, akwai jan ƙyalle a gidan Pita."

An kai shi asibiti, ciwon ya sauka a ƙirji. Bai cika shekara uku a duniya ba. Maza suka ɗauko shebur za su haƙa masa wuri, Siniva ta ce su ajiye, a ɗaga murfin nata kabarin. A ciki aka sa shi.

Ta ƙara wasu shekaru bayan haka. Ba ta taɓa ɗaga wa Uelese murya ba, shi kuma bai je Auckland ba, bai je ko'ina ba. Ya rame ya zama kamar sanda. Ƙyallen ya koɗe a ginshiƙi har ya koma fari, babu wanda ya iya kwance shi. Kullum da rana tana zaune a kan tayil ɗin da mafici a hannu. Sau ɗaya ta yi mini maganar. Ta ce, "Na ji tsoron a kai shi inda jirgi ke zuwa."

Ta rasu a watan jiya. Kamar yadda muke yi, aka buɗe kabarin, mu tsofaffin mata muka wanke ƙasusuwan yaron, muka shafa musu man kwakwa, muka naɗe a farin yadi don a mayar da su tare da gawarta. Uelese ne ya shiga ramin ya karɓi ƙunshin. Zai ɗora mata a ƙirji na tsayar da shi, don ta bar mini wasiyya.

Na ce, "Ba nan ba, ɗana. A hannun hagu ta ce."

Ya ɗago ya ce, "Don me, Inna?"

Da na so in yi shiru, amma ya tambaya. Na ce, "A nan take riƙe yaran mutane in za ta yi musu allura."