Wayar da Gbolahan Ya Buga Gidan Injiniya

Gbolahan Oyekanmi ɗan unguwar Mushin ne, a can aka binne cibiyarsa. Karatunsa bai yi nisa ba, amma Allah ya ba shi baki. In ya ji mutum ya yi magana sau ɗaya, shi ke nan ya ɗauke muryar. Kwandastan motar haya ta danfo, faston unguwa, mai tallan magani, babu wanda ya gagare shi. Da wannan baki ya samu aikin amsa wayar abokan ciniki a wani babban kamfanin tura kuɗi ta waya da ke Victoria Island, ya yi aure, ya koma Surulere, aka haifa masa ɗa mai suna Tobi.

A wani bikin ƙarshen shekara abokan aiki suka zuga shi ya kwaikwayi Cif Olatubosun, shugaban hukumar daraktoci, har da gyaran muryarsa. Cif ɗin ya yi dariya har da share hawaye, ya tambayi sunansa.

Ana nan sai wani ɗan jarida mai suna Ekanem ya fara fallasa cewa kamfanin yana sayar da bayanan mutane ga masu ba da rance ta waya. Cif bai ce labarin ƙarya ne ba. Abin da ya dame shi, wane darakta ne ke kai gulma waje. Zarginsa ya sauka kan Injiniya Fadahunsi, dattijon da aka kafa kamfanin da shi, wanda kullum yake ja da wannan ciniki a taro.

Aka kira Gbolahan bene na sama. Shugaban tsaron kamfanin ya kunna masa hirar Ekanem a rediyo, ya tura masa waya.

"Gidan Injiniya za ka kira da muryar nan. Gaisuwa kawai."

"Oga, wannan ba zai zama matsala ba?"

"Kai, ɗan Mushin, yaushe ka zama waliyyi? Cif da kansa ya ambaci sunanka."

Jin haka kansa ya kumbura. Ya kira. Matar Injiniya, Mama Ibidun, ita ta ɗauka.

"A'a, Ekanem ɗana! Ka manta lemarka a nan ranar Lahadi. Baba ya je ganin likitan ido. Ka ci abinci kuwa? Allah ya tsare ka a wannan aiki naku, ya rufe ka daga miyagu."

"Amin, Mama," in ji Gbolahan, da muryar da ba tasa ba. Shugaban tsaro yana gefe yana naɗar hirar.

Mako bai zagayo ba hukumar daraktoci ta kori Injiniya, masu gadi suka raka shi har mota. Gbolahan ya samu ƙarin girma da tebur na kansa. Ranar ya sayo amala da naman akuya, ya ci loma biyu ya ture kwanon. Ya gaya wa matarsa maleriya ce.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike, shugaban tsaro kuwa da ya ji matsi sunan Gbolahan ya fara faɗa. Ranar zama zauren ya cika. Lauya ya ce, "Malam Oyekanmi, muna so mu ji da kunnenmu. Maimaita abin da ka ce a wayar."

Ya ɗaga kai ya hango Mama Ibidun a layin gaba, da ɗaurin kai na shuɗi, hannunta a kan na mijinta. Ya so ƙasa ta tsage. Ya yi muryar. A rayuwarsa bai taɓa kwaikwayon wani ba a yi dariya ba sai ranar.

A waje ya tare ta, ya kwanta rub-da-ciki a kan siminti yadda iyayensa suka koya masa.

"Mama, ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallonsa. "Ashe kai na yi wa addu'a. To, ba na janye addu'a. Tashi, kana ɓata rigarka." Ta kewaye shi ta wuce.

Cif ya sauka, wai saboda rashin lafiya, aka yi masa liyafar bankwana. Injiniya bai koma kujerarsa ba. Gbolahan da shugaban tsaro su aka kora.

Yanzu yana da ɗan tebur a kasuwar wayoyi ta Ikeja, yana sayar da caja da rigar waya. Maƙwabtansa sun san shi da rashin magana. Bara Injiniya ya shigo layin da jikarsa suna neman caja. Gbolahan ya sunkuya ƙarƙashin tebur kamar mai neman abin da ya faɗi, bai ɗago ba sai da mai shagon gefe ta taɓa shi da ƙafa ta ce, "Baba Tobi, ciniki ya zo ya wuce, kai kana ƙasa kana me?"